Daga Wace Rana Za a Fara Ƙirge?

Duk wanda ya taɓa zaman layin awo ko na rigakafi ya san maganar da ake sallamar mutum da ita: "Hajiya, sai ki dawo bayan sati huɗu." A da, malamar asibiti kan ɗaga kai ta dubi kalandar bango, ta gangaro da yatsa layi huɗu, ta rubuta ranar a kati. Yanzu a wasu wurare waya ko kwamfuta ce ke wannan aikin, da Google Calendar ko Outlook ko kuwa shafin Excel. Na'ura ba ta ɓata lissafi. In an ce ta ɗora kwana 28 a kan 17 ga Fabrairu, ba za ta manta watan gajere ne ba. Sai dai akwai tambayar da take bar wa mai riƙe da ita, kuma sau da yawa shi ma bai san an bar masa ba: daga wace rana za a fara ƙirgen?

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a kafa jadawali tun ranar farko, a shigar da zuwa ɗaya, a umarci manhajar ta maimaita shi duk bayan kwana kaza har sau kaza. Ta biyu kuwa, ba a rubuta komai sai rana ɗaya tak a gaba. Ranar da mutum ya zo, daga ita ake ƙirga ta gaba. Muddin kowa na zuwa a kan lokaci, hanyoyin nan rana ɗaya suke nunawa, shi ya sa ba a cika gane cewa biyu ne ba. Bambancinsu ba ya fitowa sai wani ya makara, ko ya riga lokaci.

Hanyar farko ta fi jan hankali, kuma da dalili. Manhajojin kalanda don ita aka ƙera su. Ƙa'idar iCalendar, wadda akasarinsu ke musayar bayanai da ita, an fitar da ita a 1998, aka sabunta ta a 2009, kuma tsarin maimaita rana da ke cikinta da harkar ofis ya dace: taron ma'aikata na kowace Litinin, rahoton ƙarshen wata, zaman kwamiti. Taron Litinin ba ya gusawa don mutum ɗaya bai halarta ba. Saboda haka maɓallin "maimaita" yana nan a fili, dannawa biyu an gama, alhali ƙirge daga zuwan ƙarshe sai mutum ya yi da hannunsa kowane karo. Ma'aikaciyar da ke da uwaye hamsin a kan benci za ta bi wadda ta fi sauƙi, kuma ban ga laifinta ba.

To amma a duba rigakafin yara, tunda shi ya fi shafar kowane gida. A jadawalin da hukumar kiwon lafiya a matakin farko, NPHCDA, ke bi a Najeriya, ana yi wa jariri allurar Penta sau uku: yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Ita ce ke kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa, da ciwon hanta, da mashaƙo wanda ya yi wa Kano ɓarna a 2023. A ce an haifi yaro ranar Litinin 6 ga Janairun 2025. Mai kafa jadawali zai shigar da 17 ga Fabrairu, ya ce a maimaita duk mako huɗu, manhajar ta jero masa 17 ga Maris da 14 ga Afrilu. Sai dai mako shida kwana 42 ne, wato kwana biyu kacal bayan arba'in. Daidai lokacin ne mai jego ke gama wanka, wadda ta je gidan iyayenta take shirin komawa ɗakinta, ga kuma yawon arba'in. Ba abin mamaki ba ne uwa ta makara a wannan zuwan. A ce sai 3 ga Maris ta samu ta kai yaron.

Kalandar ba ta san an makara ba. Ranar 17 ga Maris wayar za ta yi ƙara, a kira uwar, alhali kwana 14 ne kawai da allurar farko. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada tazarar da ke tsakanin waɗannan allurai ta gaza mako huɗu, kuma wadda aka yi kafin cikar tazarar ba a lissafa ta cikin ingantattu. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko malamar ta duba kati ta ce, "Yi haƙuri Hajiya, lokaci bai yi ba, sai nan da sati biyu," uwa ta koma da asarar kuɗin mota da wuni guda cikin azumi, domin a shekarar Ramadan ya kama tun 1 ga Maris. Ko kuma ba a duba ba, a tsira wa yaro allurar da ba ta cika sharaɗi ba. Na farkon ma ba ƙaramin abu ba ne. Macen da ta roƙi izini a gida, ta nemo kuɗin adaidaita, aka kira ta da bakin asibiti sannan aka mayar da ita, da wuya ta yi saurin amsa kira na gaba.

Mai ƙirge daga zuwan ƙarshe ba ya shiga wannan ramin. Ranar 3 ga Maris zai ɗora kwana 28, ya samu 31 ga Maris. Makarar ba ta sa a koma farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, amma dole sauran ranakun su gusa. Manomi ba ya ƙirga ranar zuba taki daga ranar da ya so a yi ruwan shuka, daga ranar da iri ya shiga ƙasa yake ƙirgawa. Jikin yaro ma ranar da allura ta shige shi ya sani.

Akwai inda haɗarin ya fi ɓuya, a allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wadda aka fi sani da Depo, da ƙanwarta Sayana Press. Ana maimaita ta duk mako 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi ta mako biyu kafin lokaci, ta kuma yarda mace ta makara har mako huɗu ba tare da an nemi ƙarin kariya ba. A ce wata za ta yi tafiya, ta zo mako biyu kafin ranarta aka yi mata. Kafaffen jadawali bai motsa ba, don haka ranar da zai kira ta nan gaba mako 15 ke nan da allurar. Wannan kaɗai bai zama matsala ba. Amma in ta makara, ma'aikaciya ta dubi kalanda ta ce ai tana da rangwamen mako huɗu daga wannan ranar, lissafin ya kai mako 19, alhali iyakar gaskiya mako 17 ce. Ga mako biyu nan da kowa ke zaton akwai kariya, kuma babu tabbacinta. Ba wanda ya yi sakaci. An dai dogara da ranar da aka tsara, aka bar ranar da abin ya faru.

Da a nan zancen ya tsaya, da an yanke hukunci. Amma hanya ta biyu na da rauni babba, kuma masu yabonta ba su cika faɗarsa ba. A cikinta, zuwa ne ke haifar da rana ta gaba. Wanda bai zo ba, ba shi da wata rana a gaba. Sunansa na nan a ranar da ta wuce, kalanda kuwa gaba ake duba ta, ba mai juya shafin makon jiya. A haka yaro ke ɓacewa ba tare da kowa ya lura ba. Kafaffen jadawali, duk da rashin saninsa, zai sake fito da sunan nan bayan mako huɗu, ya sake bayan wasu huɗun, har wani ya tambaya, "Wai ina yaron nan?" Masu kula da rigakafi suna auna ingancin asibiti da yawan yaran da suka karɓi Penta ta farko amma ba su kai ta uku ba, kuma in giɓin ya haura kashi 10 cikin 100 ana ɗaukarsa alamar matsala. Wanda ya daina zuwa gaba ɗaya ya fi wanda ya makara shiga haɗari nesa ba kusa ba. Tun kafin wayoyin hannu, asibitoci na da maganin wannan: akwatin tunatarwa mai ramukan watanni goma sha biyu, inda ake saka kwafin katin yaro a watan da ake sa ran dawowarsa. In wata ya ƙare, duk katin da ya rage a ramin shi ne wanda za a bi gida. Kati a akwati ba ya wucewa da kansa, sai hannu ya ɗaga shi. Rana a kalandar waya kuwa da tsakar dare take wucewa, ko an zo ko ba a zo ba.

Sannan asibiti ba mutum ɗaya yake yi wa hidima ba. Mai kafa jadawali na iya duba Afrilu tun daga Fabrairu ya san kimanin yara nawa zai karɓa, ya nemi allurai daidai. Wasu alluran ma su ke tilasta a tara mutane rana ɗaya. Kwalbar rigakafin ƙyanda da aka saba gani ta yara goma ce, ta BCG, wato rigakafin tarin fuka, ta yara ashirin, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, abin da ya rage bayan awa shida zubarwa ake yi. Shi ya sa ƙananan asibitoci da yawa ke ware ranar rigakafi a mako. Lissafin da ya faɗa ranar Laraba a asibitin da ke rigakafi ranar Litinin, daidai ne a takarda, banza ne a aikace.

Inda kafaffen jadawali ya yi zarra ba tare da abokin takara ba shi ne rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, aka fara gwada shi a Katsina a 2013, yanzu kuma ya game jihohin Arewa da kudancin Nijar. Ana bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, zagaye bayan zagaye, kwana 28 tsakani, yawanci sau huɗu a damina. A nan ba zai yiwu kowane yaro ya kasance da nasa ƙirgen ba. Magani, masu rabo, masu shela, sanarwar masallatai, duk rana ɗaya suke jira. Aikin gayya ne, dole a tsayar masa da ranaku tun kafin ruwan farko.

Cizon mahaukacin kare kuwa ya fita daban. Ana ƙirga alluransa daga ranar da aka yi ta farko: bayan kwana 3, bayan kwana 7, bayan kwana 14, a tsohon tsari har da kwana 28. Tazarar ba ɗaya ba ce, don haka maɓallin maimaitawa ba ya aiki a nan, sai an shigar da kowace rana da hannu. Kuma ina ganin nan ne ya wajaba a rubuta wa mutum dukkan ranakun tun zuwan farko, domin cuta ce da in alamunta suka bayyana kusan ba a tsira, kuma mai yiwuwa a wani garin zai ƙarasa alluran.

Akwai wani lissafi da ke cin masu bin hanyoyin biyu baki ɗaya, wanda ya cancanci a tsaya a kansa: ɗaukar "wata ɗaya" da "kwana 30" da "mako huɗu" tamkar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kwana 28 na dawo da mutum ranar da ya zo, Litinin ta koma Litinin. Kwana 30 na tura shi kwana biyu gaba, wanda ya zo Alhamis ya faɗa Asabar, ya tarar da ƙofa a rufe. Kwana 90 daga Litinin Lahadi ne, amma kwana 91, wato mako 13 cif, Litinin ne. "Wata uku" kuwa ba shi da tsayayyen tsawo: daga 1 ga Fabrairu zuwa 1 ga Mayu kwana 89 ne a shekarar da ba ta da 29 ga Fabrairu, daga 1 ga Yuli zuwa 1 ga Oktoba kwana 92. Mai hawan jini da ake ba ƙwaya 30 a ce ya dawo rana kaza ga kowane wata, ƙwaya 360 zai samu a shekara mai kwana 365. In kwalin mai ƙwaya 28 ne, giɓin ya zama kwana 29, kusan wata guda babu magani, ba tare da ya saɓa ko da zuwa ɗaya ba. Su kansu manhajojin ba su yi ittifaƙi ba a kan ƙarshen wata. In aka ce Google Calendar ta maimaita abu ranar 31 ga kowane wata, tsallake watannin da ba su da 31 take yi, Fabrairu da Afrilu su wuce shiru. Outlook kuwa mayar da shi take yi ranar ƙarshe ta watan. Ga wanda ya dogara da wayarsa ta tuna masa karɓar magani, wannan bambancin ba wasa ba ne.

Ni dai in da hali, da mako nake so a yi ƙirge, kuma da mako nake so a faɗa wa mutane. Uwar da ba ta karanta boko ba, in aka ce mata 31 ga Maris, sai ta nemi mai duba mata. In aka ce, "Yau Litinin ko? Ki ƙirga Litinin huɗu, ta huɗun ki zo," ta riƙe. Haka take ƙirga suna, haka take ƙirga ranar kasuwa da zubin adashi. A rubuta kwanan wata a kati don ma'aikata, a faɗi ranar mako don mai katin.

To wacce za a ɗauka? Ra'ayina shi ne, ranar da za a ba mutum a matsayin alkawari, a rubuta masa a kati ko a tura masa a waya, daga zuwansa na ƙarshe za a ƙirga ta, kuma ɗaya tak za a ba shi. Kafaffen jadawalin kuwa ya zauna a wurin ma'aikata, don shiri da kuma gano wanda ya ɓace, kada ya zama shi ke kiran mutane. Amma ko wannan bai cika ba sai an ƙara sharaɗi ɗaya. Wasu ranakun da shekarun yaro aka ɗaure su. Rigakafin ƙyanda da na shawara sai ya kai wata 9, ko da kuwa jiya aka yi masa Penta ta uku ko wata biyar da suka wuce. Saboda haka ainihin ƙa'idar ita ce a fitar da ranaku biyu, ɗaya daga ranar haihuwa, ɗaya daga allurar ƙarshe, a ɗauki wadda ta fi nisa.

Kalandar waya ba ta iya wannan da kanta. Iyakar taimakonta, in an tashi gyara ranar da ake maimaitawa, Google Calendar kan ba da zaɓi uku: a gyara wannan kaɗai, ko wannan da na bayansa, ko duka. Na tsakiyar shi ne daidai ga wanda ya makara, amma sai mai gyaran ya tuna, kuma na farkon ne a sama. Tsohuwar Outlook ta kwamfuta tana da abin da ya fi kusa da buƙata, a sashen ayyuka ba a sashen kalanda ba: ana iya cewa ta sake fito da aiki kwana kaza bayan an yi masa alamar kammalawa, kuma wanda ba a kammala ba yana nan da jan rubutu yana jiran mai shi. Wannan ya haɗa ƙirgen gaskiya da halin akwatin tunatarwa. Excel ta fi su duka sauƙin lanƙwasawa, domin a wurinta kowace rana lamba ce, ana ɗora mata 28 kamar kowace lamba, a kuma sa ta zaɓi mafi girma cikin biyu. Manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda Najeriya ke tattara bayanan lafiya da ita, sashenta na bibiyar mutum ɗaya-ɗaya ya tanadi ƙirgen biyu, daga ranar shiga da kuma daga zuwan baya. Waɗanda suka tsara ta sun san asibiti ba ofis ba ne.

Wani abu da ba na so ya wuce ban faɗa ba: abin da ake rubutawa a saƙon tunatarwa. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ko ta maigida ce, ko yara na wasa da ita. Tunin allurar tazarar haihuwa ko na karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki bai kamata ya fito a fuskar waya da sunansa ba. "Ranar asibiti" ta wadatar. Kuma a tambayi mai lambar tukuna ko tana so a tura.

Saura hutu, wanda duk hanyoyin biyu ke tuntuɓe da shi. A misalinmu, ƙirgen gaskiya ya kai mu Litinin 31 ga Maris 2025. Ranar 3 ga Maris babu wanda zai iya rantsuwa a kan yadda wannan ranar za ta kasance, domin Sallah sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar. A shekarar an yi ƙaramar Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, gwamnatin tarayya ta ba da hutun Litinin da Talata. Kalanda na iya nuna hasashen watan Musulunci, amma hasashe ne, watan na iya yin 29 ko 30. Don haka duk ranar da ta faɗa kusa da Sallah, gara a gusar da ita tun a zaune. Sai dai wane ɓangare? Ga Penta, gaba za a matsa, zuwa 7 ga Afrilu, ta ukun kuma ta koma 5 ga Mayu, domin ja da baya zai rage tazarar ta gaza kwana 28. Ga mai karɓar maganin hawan jini ko na suga, baya za a jawo, kafin ƙwayarsa ta ƙare a tsakiyar hutu. Ga mai allurar wata uku ma baya ya fi, tunda an yarda da mako biyu kafin lokaci. Mutum uku na iya zama a benci ɗaya, ranakunsu duka su faɗa Litinin ɗin Sallah, a tura ɗaya mako na gaba, a jawo biyu makon da ke baya. Ma'aikacin da ya san abin da ke cikin sirinjin ko kwalin ne kawai zai iya rarrabe wa zai matsa gaba, wa zai dawo baya.